Ko ruwan dogon yaro da bagaruwa na maganin yaushin dankalin Turawa?

Manomi daga Bokkos:
Assalamu alaikum. A daminar bana na shuka dankalin Turawa samfurin Nicola da irin da na saya a kasuwa, kuma tun kafin ya yi fure wasu gindaye suka fara yaushi da tsakar rana, su ɗan farfaɗo da yamma, bayan 'yan kwanaki kuma su kwanta gaba ɗaya alhali ganyensu kore ne shar. Na fesa maganin ƙunar ganye har sau biyu, amma ko gezau. Da na tona, na tarar ƙasa ta manne a idanun dankalin, na yanka ɗaya na ga wani zobe mai ruwan ƙasa a ciki yana tsatso farin ruwa kamar mugunya. Wani dattijo ya ce in jiƙa ganyen dogon yaro da bagaruwa in riƙa zubawa a gindin shukar. Ina roƙon masana su faɗa mini ko wannan shawara tana da tushe.

Malamin gona:
Wa'alaikumus salam, Malam. Alamun da ka zayyana sun yi daidai da ciwon yaushi wanda wata ƙwayar cuta ta bakteriya mai suna Ralstonia solanacearum ke haddasawa. Don ka tabbatar, yanki karan shukar da ta kamu daga kusa da ƙasa, ka rataya shi a kofin gilashi mai ruwa garau. Idan ciwon ne, cikin 'yan mintoci za ka ga farin zare kamar hayaƙi yana sauka daga bakin yankan. Maganin feshi irin su mancozeb kuwa na ƙunar ganye ne, wadda ba bakteriya ke kawo ta ba, shi ya sa kuɗinka ya tafi a banza.

Maganar dattijon ba shirme ba ce. Bagaruwa tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda saboda shi majema ke jeme fata da ita, kuma a ɗakin gwaji ruwan itatuwa irinta yakan hana bakteriya yaɗuwa a faranti. Sai dai faranti daban, gona daban. Wannan ƙwaya tana shiga ta raunin saiwa ne, ta zauna cikin jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye ta toshe su, kuma abin da ka zuba a gindi ba zai bi ta can ya kashe ta ba. Shi kuma dogon yaro, ƙarfinsa ya fi tabbata a kan ƙwari.

Mai sayar da dankali a Mangu:
Ni dai, ranka ya daɗe, ba zan yar da dogon yaro ba. Shekaru ke nan ina shimfiɗa busasshen ganyensa a ɗakin ajiya, kuma ruɓewar nan mai wari ta ragu mini ƙwarai.

Malamin gona:
Hajiya, ruɓewar ajiya ciwo ne na daban, bakteriyar Pectobacterium ke kawo shi, kuma tana samun kafa ne a dankalin da fartanya ta ji wa rauni ko aka tara shi da danshi inda iska ba ta shiga. Ina kyautata zaton tsince masu rauni da shanya sauran a inuwa ne suka yi miki rabin aikin, amma tunda ganyen ba ya cin kuɗi, ki ci gaba.

Kai kuma Malam, ka tumɓuke gindayen da suka kamu tare da ƙasarsu ka ƙone su nesa da hanyar ruwa, ka wanke fartanya da wuƙa da ruwan bilic, kuma kada ka ajiye iri daga wannan gona ko da ya yi kyau a ido, domin ƙwayar tana ɓuya a cikinsa. Ka sa masara ko acca a wurin na wasu shekaru, ban da tumatir, barkono da gauta, don su ma suna kamuwa. Batun iri mai tsabta, ka tuntuɓi tashar binciken dankali da ke Kuru, kusa da Jos.

Manomi daga Bokkos:
Na gode, Malam. Na gwada kofin da safiyar nan, kuma zaren ya sauka kamar yadda ka ce. Gobe in sha Allahu zan fara tumɓukewa daga kunyoyin da ke sama, tunda ruwan sama daga can yake gangarowa.