Me za mu kira ginin Rumawa na El Jem?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan ziyarar da na kai El Jem a Tunisiya, kalmar amphitheatre ta tsaya mini a wuya. Wani katafaren ginin kallo ne a can, Rumawa suka gina shi wajen shekarar 238 miladiyya, yana cin mutum kusan 35,000, hawa uku ne na dutse, ƙofofi masu baka sun kewaye shi. Na sauka har ƙarƙashin filin, inda a da ake tsare namun daji da mutanen da za a fitar su yi faɗa, ɗakuna ƙanana, haske daga sama kawai yake shigowa. In na ce filin wasa, mai sauraro zai zaci ƙwallo ake bugawa.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Dandali bai yi ba?

Ɗan Damagaram: Hajiya, dandali ba shi da kujeru hawa-hawa. Mu nan filin kokowa haka yake, 'yan kallo a kewaye, masu karawa a tsakiya. Ka ce fage. Fagen fama, fagen dambe, duk wurin gumurzu ne.

Malamin Hausa: Fage ƙasan kawai ya ɗauka, ya bar ginin. Ni ɗalibaina "ƙwaryar kallo" nake koya musu, don siffarsa ke nan: baki a buɗe, ciki ya zurma. Gidan wasan kwaikwayon Rumawa rabin da'ira ne, wannan kuwa rabi biyu aka haɗa.

Uwar Biyu: Allah gafarta malam, mace in ta ji ƙwarya, fura za ta tuna.

Baƙon Kano: Larabawa mudarraj suke cewa. A ara mana, ai madrasa da mahkama ba su cuce mu ba.

Malamin Hausa: Abin da ke kashe mu ke nan! Kullum aro. Wa ya haifi jirgin sama da gidan waya in ba mu ba? Kalma sai an yi ta faɗa take zama.

Ɗan Damagaram: Malam, ku na Najeriya kuna ƙirƙira a aji, mu sai dai mu ji a rediyo, ba wanda ya tambaye mu. Hausar ta kowa ce.

Baƙon Kano: Kada ka mai da shi rigimar ƙasa, ɗan'uwa.

Mai shirin rediyo: Ku yi haƙuri, lokaci na tafiya. Wata kuma: kufai zan ce ko kango? Ɓangare guda ya rushe, an kwashi duwatsunsa an yi gidaje, amma sauran na tsaye, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Uwar Biyu: Kango. Kufai sai inda gari ya tashi.

Mai shirin rediyo: Madalla. Zan ce kangon fagen kallon Rumawa, in bayyana siffarsa sau ɗaya a farko.

Malamin Hausa: Kalma huɗu a wurin biyu. To, ka yi na gobe, amma ni a ajina ƙwaryar kallo tana nan.