Shekara guda ana fodkas babu ko sisi: a ci gaba ko a tattara?

Aminu Kura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Fodkas ɗina na noma, wato shirin murya da nake sakawa a intanet, ya haura shekara, duk sati ina sakin sabo, amma in na duba alƙaluma a Spotify masu saurare ba sa kai ɗari. Babu mai talla da ya taɓa nemana. Kuɗin data da man janareta duk daga aljihuna. Anya akwai amfanin ci gaba?

Nura Fagge: Wa alaikumus salam. Aminu, ba zan ɓoye maka ba. Duk wanda ya shekara yana fodkas da Hausa bai ga ko sisi ba, ya tattara ya koma bidiyo. Mutanenmu ba sa buɗe Spotify don jin magana. Sai a 2021 ma ya shigo Najeriya, kuma waƙa aka fi ji a cikinsa. Jama'a suna TikTok da Facebook da YouTube. Ka bi su inda suke.

Maman Ilham: Haba Nura. Bahaushe ne ba ya jin magana? Tun 1957 BBC ke watsa shiri da Hausa, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma duk da murya suka kama mu. Har gobe maigadi da direba da mai shayi rediyo ne a kunnensu.

Nura Fagge: Anti, rediyo daban, fodkas daban. Rediyo kyauta ne, batir biyu sun ishe ka. Fodkas sai da data, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari. Manomin da Aminu yake yi dominsa, da wace datar zai ji?

Maman Ilham: To bidiyon da kake tura shi gare shi ba ya cin data? Shirin murya na rabin awa, in an matse shi sosai, bai wuce megabait 15 ba. Bidiyon rabin awa kuwa ya ninka haka sau da yawa. Da bakinka ka rushe hujjarka.

Nura Fagge: Gajeren bidiyo nake nufi, na minti ɗaya ko biyu.

Maman Ilham: A minti ɗaya za a koya wa mutum yadda zai gane tsutsar sharon ta shiga tumatirinsa tun kafin ganye ya bushe? Ka tambayi manoman tumatir na Kadawa a jihar Kano abin da ta yi musu a 2016.

Malam Lawal: Ku bari in sa baki. Na yi aikin rediyo har na yi ritaya, kuma a zamaninmu babu wani allo da ke nuna mana mutum nawa ke ji. Wasiƙa muke jira. Sai ka gabatar da shiri wata da watanni shiru, rana ɗaya ka shiga kasuwar ƙauye ka yi ciniki, mai kayan miya ya ɗago ya ce, "Kai ne mai shirin nan na daren Talata?" Muryar ya gane. Ku kuma yanzu an ba ku lamba kuna dubawa safe da yamma, lambar ce take karya muku gwiwa. Aminu, ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka: bayan Spotify, ina kake tura shirin?

Aminu Kura: Baba, ina jefa shi a zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin manoma guda biyu, sai kuma wani yaro mai tura waƙoƙi a tasha da yakan karɓa ya zuba wa mutane a memori.

Malam Lawal: To ka ji. Wannan duk ba ya shiga lissafin da kake dubawa. Alƙaluman nan suna ƙirga wanda ya saurara ko ya sauke daga manhajar ne kawai. In mutum ɗaya ya tura wa mutum ashirin ta WhatsApp ko Xender, in an kunna a majalisa mutum goma suna zaune a tabarma, allonka bai san da su ba. Mu kuwa haka sauti yake yawo a ƙasar Hausa tun zamanin kaset. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya rasu tun 2007, Allah ya jiƙansa, amma ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yau ka ce a zuba maka karatunsa, ka ga ko za a rasa.

Nura Fagge: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Malam masallaci cike yake da jama'a tun kafin a ɗauki muryarsa. Ba a ɗaki shi kaɗai ya fara da makirufo ba. Kuma ko da mutum dubu ne ke jin Aminu a ɓoye, mai talla ba zai biya kuɗi kan abin da ba a iya nuna masa ba. Ni maganar abinci nake yi. Yaron nan yana da iyali.

Malam Lawal: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ban musa ba.

Sadiya Zariya: Yaya Nura, ni da nake YouTube bari in faɗi yadda abin yake, kada a ɗauka can aljanna ce. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. In ka samu, ba za a turo maka komai ba sai kuɗin ya kai dala 100. Kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Kano ba ya kawo abin da na mai kallo a Amurka yake kawowa, ko kusa. Ga kyamara, ga haske, ga tace bidiyo da ke cinye dare. Wanda ya gaji da jiran fodkas, in ya zo nan wani jiran zai tarar, mai tsada ma.

Nura Fagge: Amma aƙalla akwai ƙofa. A fodkas ɗin Hausa ina ƙofar?

Sadiya Zariya: Ƙofar ba a manhaja take ba. Mai shagon taki da iri a Kura bai damu da mutum dubu goma a Legas ba, manoma hamsin na yankinsa yake so su ji sunan shagonsa. Yaya Aminu, ka taɓa zuwa ka same su, ko jira kake su neme ka?

Aminu Kura: Ban taɓa zuwa ba. Ina ganin kamar da wace fuska zan je da wannan 'yar lamba.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Nan wajenmu Studio Kalangou tun 2016 suke haɗa shiri a Yamai, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsuna, su raba ma gidajen rediyon da suke hulɗa da su cikin ƙasa su watsa. Ba su tsaya jiran mutanen karkara su zo intanet ba. Malam Aminu, ka kai shirinka wani ƙaramin gidan rediyo mana. Da yawa suna neman abin da za su cike lokaci da shi.

Nura Fagge: Su ai ƙungiya ce daga Suwizalan take ɗaukar nauyinsu. A nan kuwa in ka kai shiri gidan rediyo mai zaman kansa, kai za a ce ka sayi fili.

Issoufou Maraɗi: Wasu haka ne. Amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Maman Ilham: Ni abin da ya dame ni da maganar Nura shi ne, ya sa kuɗi ya zama shi kaɗai ne ma'auni. Aminu, kashin da ka yi kan ajiyar wake na tura wa ƙanwar mahaifiyata a Bichi. Da can maganin ƙwari take barbaɗawa a buhu, ɗakin har wari yake, kuma waken nan shi yara ke ci. Ta ji ka yi bayanin buhun PICS, mai leda biyu a ciki, yadda ake matse iskar a ɗaure kowace leda daban don ƙwarin su rasa numfashi. Ta sa aka sayo mata. Da damina ta faɗi ta buɗe, wake fes babu huda, kuma babu ɗigon magani. Sau biyu ta sa jikarta ta maimaita mata wurin ɗaurin. Wannan matar ba ta cikin ɗarin da kake ƙirgawa, ba ta ma san me ake kira Spotify ba.

Aminu Kura: Allahu Akbar. Anti, wallahi ban san da wannan ba.

Nura Fagge: Na ji daɗin labarin, Allah ya ba shi lada. Amma lada ba ya sayen fetur, kuma kun san yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a 2023. Abin da nake tsoro shi ne mu yi ta ba shi haƙuri har ya ci bashi.

Malam Lawal: Babu wanda ya ce ya ci bashi. Duk sati ya yi yawa ga mutum ɗaya mai wata sana'ar. Ya mayar da shi sau biyu a wata, ya ɗauki kashi uku a zama ɗaya ranar da aka kawo wuta. Noma ma ai da lokacinsa: maganar iri kafin shuka, maganar ajiya da kaka. Kuma a ƙarshen kowane kashi ya roƙi masu ji su aiko da saƙon murya, su faɗi garinsu da abin da ke damun gonarsu. Waɗannan muryoyin su zai kunna wa mai shagon taki.

Sadiya Zariya: Kuma ba sai ya zaɓi ɗaya ba. Ya yanko minti ɗaya mafi daɗi, ya ɗora hoton gona, ya sa a Facebook da TikTok, mai son cikakke ya nema. Ni zan nuna masa yadda ake yi a waya.

Nura Fagge: Kun dai dawo kan bidiyon nawa ta bayan gida. Ni har yanzu ina nan kan bakana: in aka yi duk wannan zuwa ƙarshen kaka babu wanda ya ɗauki nauyin ko kashi ɗaya, ya ajiye.

Aminu Kura: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan rage zuwa sau biyu a wata kamar yadda Baba ya ce, kuma ranar kasuwa zan je wajen masu taki. Maganar ajiyewa da kaka kuwa, Yaya Nura, ban ɗauki alƙawari ba. Anti, don Allah ki tambayar min Hajiya ko za ta yarda in ɗauki muryarta tana bayanin yadda ta ɗaure buhun.

Maman Ilham: Sai na fara tambayar maigidanta. In ya amince zan kira ka.