Dan Allah kotu za ta iya tilasta wa majalisa ta saka gadar ƙauyenmu a kasafin kuɗi?

Mai Albasa, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Wata tambaya ce ke cina tun damina. Ƙauyenmu akwai wani rafi da yake raba mu da titi, ruwa na sauka shikenan mun yanke da duniya, bana ma buhunan masara goma sha biyu na ajiye a bakin rafin kwana uku ina jiran ruwa ya janye, da muka kwance su rabi sun fara tsiro wlh. Shekara nawa ana mana alƙawarin gada, duk Nuwamba in 'yan majalisa sun zauna kan kasafin Kamaru a Yawunde sai mu kasa kunne, littafin ayyuka ya fito babu sunanmu. To ni dai haraji nake biya, in mun haɗa kuɗi mun ɗau lauya, alƙali ba zai iya ce musu dole ku ware kuɗin gadar nan ba?

Malam Sale, Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya kar ku ɓata kuɗinku. Rabon kuɗin ƙasa aikin gwamnati da majalisa ne, gwamnati ta kawo, depitoci 180 da sanatoci 100 su jefa ƙuri'a, alƙali ba shi da cokali a wannan tukunyar. Wadda take da ikon duba dokar kasafi ita ce majalisar kare tsarin mulki, mai mutum 11, kuma ita ma ba tambayarta ina ya fi buƙatar gada ba ne, tambayarta ɗaya, dokar ta saɓa wa tsarin mulki ko ba ta saɓa ba. Sannan ni da kai ba mu da ƙofar shiga, sai shugaban ƙasa, ko shugaban majalisar dokoki, ko na dattawa, ko shugaban majalisar yanki in abin ya shafi yankinsa, ko kashi ɗaya cikin uku na depitoci ko na sanatoci, wato sai ka tara depite 60 sun sa hannu, kuma kafin shugaban ƙasa ya rattaba wa dokar hannu. Ka duba yadda kujeru suke a majalisar nan ka gaya min inda za a samo 60 ɗin. Ita kanta majalisar kare tsarin mulkin tun a tsarin mulkin 1996 aka rubuta ta, amma sai 2018 aka naɗa mutanenta.

Hajiya Ta Kusuri:
Malam to mene ne amfanin kotun kenan? A Najeriya ai kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni su cire hannu. Wannan ba maganar kuɗi ba ce?

Malam Sale, Marwa:
Hajiya maganar kuɗi ce, amma ki lura kotun ba ta ce a gina wa wane asibiti a bar wane ba, kason da tsarin mulkinsu ya riga ya ba su ta ce a bar musu. Haka a Jamus, Nuwamban 2023 kotunsu ta soke yuro biliyan 60 da gwamnati ta kwashe daga bashin korona ta mayar asusun sauyin yanayi, ta ce hanyar ba ta halatta ba, amma ba ta zauna ta raba musu kuɗin ba, ta bar su da ciwon kansu. Kotu tana iya cewa tsaya, ba ta cika cewa ga inda za ku zuba ba. Ko Amurka da ake ta misali da ita tsarin mulkinsu cewa ya yi ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai majalisa ta ware, kuma tun 1923 kotun ƙolinsu ta kori ƙarar wata mata da ta zo da hujjar Alhaji sak, wai tana biyan haraji.

Ɗan Kwangila, Gaundare:
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Alhaji ku fara bincikawa ko an taɓa saka gadar a kasafi a wata shekara, don ya sha faruwa aiki yana kan takarda an gama shi har an biya, a ƙasa kuwa ko buhun siminti babu. In haka ne labari ya canza, wannan sata ce ba siyasa ba, kuma nan kotu tana da haƙori. Akwai sashen binciken asusu na kotun ƙoli, akwai kotun musamman da aka kafa a 2011 don masu cin kuɗin gwamnati daga sefa miliyan 50 zuwa sama, ita dai wadda in mutum ya dawo da kuɗin ana iya dakatar da shari'arsa, abin da har yau ban gane hikimarsa ba. In kuma ba a taɓa sakawa ba to hanyar ta mer ce, wato magajin gari, da kansiloli, daga can ayyuka ke hawa sama. Shi depite ma hannunsa a ɗaure yake, doka ta hana shi kawo gyaran da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi sai ya nuna inda za a rage ko inda za a samo.

Mai Albasa, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗan Kwangila ka tuna min wani abu, akwai shekarar da wasu suka zo da mota suka yi aune-aune suka kafa allo a bakin rafin, allon ma har ya yi tsatsa yara na shanya kaya a kai. Ran kasuwa in sha Allahu zan je in ɗauki hotonsa in turo nan, ku karanta min abin da aka rubuta don Faransancina bai wuce na ciniki ba.