Libarba ga mai amosanin gaɓɓai: wacce hannu zai iya riƙewa?

Mai Dankali, Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 64, ina saro dankalin turawa daga Bokkos da Mangu in kawo Jos. Duk wanda ke bin hanyar nan ya san dalilin tambayata. Bara da damina aka tare motar da ke gabanmu, Allah ne ya sa direbanmu ya hango da wuri ya juya. Tun ranar nake tunanin mallakar ƙaramar bindiga wadda zan soke a ƙugu, babbar riga ta rufe ta.

Matsalar ita ce hannuna. Amosanin gaɓɓai ya cinye mini yatsu, musamman babban yatsa da manuniya na dama. Idan hunturun Jos ya kankama, maɓallin kaftani ma sai jikata ta saka mini, murfin gorar ruwa kuwa da haƙori nake buɗewa. Wani ya ce mini libarba, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsashi da ke juyawa, ita ce daidai da ni, tunda ba ta da murfin nan na sama da ake ja baya kamar fistol. Gaskiya ne? Wacce ta fi sauƙi, kuma ina ake neman lasisi?

Ɗan Dilimi a Houston:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wanda ya gaya maka ya faɗi rabin magana ne. Haka ne ba a jan murfi, amma wahalar tana komawa kan kunama. A ƙananan libarba irin na sokewa, jan kunamar ne ke juya gangar harsashi, shi ne kuma ke ɗana ta, don haka yana da tauri, wajen kilo 5. Ka gwada da kayan sana'arka: ka auna dankali kilo 5 a leda, ka rataya a gaɓar ƙarshe ta manuniya, ka lanƙwasa yatsan sau biyar ba tare da hannun ya yi rawa ba.

Sai kuma nauyi. Mutane suna zaton mara nauyi ita ce ta tsofaffi, alhali ita ta fi dukan hannu. Misali libarba samfurin Smith & Wesson 642 ba ta kai rabin kilo ba, harsashi biyar take ɗauka na .38 Special, kuma duk ƙarfin harbin a gindin babban yatsa yake sauka, daidai inda ciwonka yake. Wani dattijo maƙwabcina a nan ya saya, ya harba sau biyu a filin koyo, ya kwana uku bai iya riƙe cokali da kyau ba. Daga baya ya koma Ruger LCR, wadda ta fito a 2009, saboda kunamarta ta fi santsi. Wasu suna zaɓar harsashin .32, dukansa kaɗan ne kuma gangar na ɗaukar shida. Kada a ruɗe ka da .22 wai ita ce mai laushi. Ba ta dukan hannu kam, amma kunamarta takan fi tauri don harsashinta sai an buga shi da ƙarfi yake tashi. Ko fistol ɗin ma akwai Shield EZ da aka fitar a 2018 domin masu raunin hannu.

Amma fa duk wannan zancen Amurka ne. A Texas tun Satumban 2021 wanda ya cika sharuɗɗa yana iya yawo da ita ba lasisi. Jos ba Texas ba ce, bari masu doka su zo.

Barista, Rayfield:
Alhaji, don Allah ka tsaya nan. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa su gida uku. Libarba da fistol suna cikin haramtattu, rukuni ɗaya da bindigogin soja, kuma shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Mai baki biyu ta farauta tana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma kwamishinan jiha. Ko wannan ƙofar ma, a Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabbin lasisi.

Don haka duk wanda ya ce zai samo maka libarba har da takarda, jabu zai ba ka. Hukuncin riƙe ta kuwa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ka ƙirga shingayen jami'an tsaro daga Mangu zuwa Mararrabar Jama'a, sannan ka tuna a Filato muke. Idan aka ɗaga rigarka aka gan ta, ba wanda zai saurari labarin dankali.

Maman Hanifa:
Baba, ni hannun ne ya dame ni. Mahaifiyata haka take. Da asuba kafin alwala tana tsoma hannu a ruwan ɗumi na minti goma, ta riƙa dunƙulewa tana buɗewa, kuma tana sa safar hannu idan za ta fita da sanyi. Ka je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, su duba wane irin amosani ne, domin akwai na zaizayewar gaɓa, akwai wanda garkuwar jiki ke jawowa, maganinsu ba ɗaya ba ne. Ka daina sayen maganin ciwon jiki a kemis kana sha kullum, yana cin ciki da ƙoda.

Mai Dankali, Gangare:
Na gode, Allah ya yi muku albarka. Ɗan Dilimi, na gwada ledarka ɗazu a shago, yarana suna ta dariya. Sau ɗaya na lanƙwasa, na biyu ledar ta suɓuce, dankali ya watse har ƙarƙashin benci. Barista, na ji, na bar maganar. Dama babban ɗana ya daɗe yana cewa in daina ɗaukar tsabar kuɗi in riƙa tura wa manoman ta waya, ni ne ke taurin kai don wasu ƙauyukan ba sabis. Maman Hanifa, ruwan nan ana zuba gishiri ne ko haka nan zalla?