Asabar ko Lahadi? Ina son zuwa Burghead kallon agwagin teku

Sadik_Aberdeen: Assalamu alaikum. Ƙarshen mako ɗaya ya rage mini a Janairu kafin a koma aji, kuma ina son ganin agwagwar nan mai doguwar wutsiya da ke zuwa gaɓar Moray, a arewacin Sikotland, da hunturu. Ba ni da mota, jirgin ƙasa zan shiga zuwa Elgin, daga nan bas zuwa garin Burghead da ke bakin tekun. An ce lokacin farauta ne. Asabar zan je ko Lahadi? Kuma fam 80 za su saya mini madubin hangen nesa na kirki?

BabanAmira: Wa alaikumus salam. Ka tafi Norway kawai, Vardo ko Batsfjord. Can ne king eider, wata irin agwagwar teku, ke zuwa har cikin tashar jiragen ruwa.

Sadik_Aberdeen: Yaya, fam 80 fa na ce.

Dan_Fagge: Wato ka baro Kano ka zo ka biya kuɗi don ka kalli agwagwa? Akwai uku a bayan gidanmu, kallo kyauta.

MamanHanif: Sadik, ka je Lahadi. Dokar Sikotland ta hana harbin agwagi da dinya ranar Lahadi da ranar Kirsimeti. A bakin teku lokacin farauta daga 1 ga Satumba ne zuwa 20 ga Fabrairu, saboda haka Janairu tana ciki. Ita mai doguwar wutsiyar ba ta cikin waɗanda aka yarda a harba. Ka dai duba bas ɗin Lahadi tun da wuri, ba su da yawa, kuma ƙarfe huɗu duhu ya fara.

Usman_Inverness: Doka a takarda ke nan, Hajiya. Ni na je Findhorn, kusa da Burghead, da asuba ganin tashin dinya masu jan ƙafa, yatsuna sun ƙage don sanyi. Garken na tashi sai tau-tau-tau daga cikin ciyawa. Ɗaya ta faɗo kan laka da karyayyen fiffike, tana ta juyawa wuri guda, karen mutumin ya kasa kaiwa gare ta. Na yi masa magana, ya ce haƙƙinsa ne. Haƙƙinsa ne kuwa, don a Sikotland kowa mai lasisin bindiga na iya farauta a wurin da ruwan teku ke janyewa. Ruwa ya dawo ya tafi da ita da ranta. Ko cin naman bai yi ba. Su kansu mutanen garin sun daɗe suna rigima a kan harbin nan, har takardar koke suka sa wa hannu. Ban sake komawa ba.

MamanHanif: Allah sarki. Amma Findhorn daban, Burghead daban. Shi kan katangar tashar jiragen kamun kifi zai tsaya, wa zai yi harbi a can?

Usman_Inverness: Nisan nawa ne tsakaninsu? Tsuntsun da aka firgita ai bai san iyaka ba.

Injiniya_Bello: Madubi kam fam 80 asarar kuɗi ce. Agwagin nan can nesa suke shawagi, sai babba mai ƙafa uku, fam 300 zuwa sama.

MamanHanif: Nawa fam 45 na saye shi na hannu. Da shi na ga namijin a cikin tashar Burghead, fari da baƙi, wutsiya kamar tsinke, yana nutsewa yana ɓullowa. Kukansu ma za ka ji idan iska ta lafa.

Injiniya_Bello: Sau nawa kika je, Hajiya? Ni tun kafin Sadik ya shiga sakandare nake wannan harka.

BabanAmira: Injiniya, a Landan fa kake. Agwagin Hyde Park da ake ba burodi ba sa cikin lissafi.

Dan_Fagge: Tambaya ɗaya: tana daɗi da yaji?

Zainab_PhD: Ƙarni ne da ita, kifi da kwanson teku take ci. Malam Usman, bindiga ba ita ce babbar matsalarta ba. A Tekun Baltik yawanta ya ragu da kusan kashi 65 cikin ɗari tsakanin ƙidayar 1992-93 da ta 2007-09, kuma tun 2012 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin masu fuskantar barazana. Ragar masunta na kama su a ƙarƙashin ruwa su shaƙe, ga man da jirage ke zubarwa. Harsashin dalma ma Tarayyar Turai ta hana shi a fadamu tun Fabrairun 2023.

Gashua_Boy: Ku kuna da masu ƙirga muku. Ku zo fadamar Haɗeja zuwa Nguru ku gani. Agwagin Turai na sauka nan duk hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona, wurin kare tsuntsaye da ke cikin fadamar, a 1989. Yanzu kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci bai samu ba, manomi bai samu ba.

Injiniya_Bello: Tun da aka gina madatsar Tiga da ta Challawa ambaliyar ta canza. Amma Kano za ta sha ruwa ko ba za ta sha ba?

Gashua_Boy: Mu na ƙasa ƙura za mu sha ke nan?

Sadik_Aberdeen: Don Allah jama'a, tikitin Lahadin zan saya ko kuwa?

Gashua_Boy: Dakata tukuna Sadik, Injiniya bai ba ni amsa ba.