Ƙanena mai ciwon dajin ƙashi ya daina magana, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 17 yana fama da ciwon dajin ƙashi a saman gwiwa, kuma bayan zagaye 3 na kemoterafi likitoci sun ce sai an yanke ƙafar. Tun ranar ya daina magana, barci ma ya ƙaurace masa. Mun yi ta ba shi haƙuri, amma na lura hakan ƙara rufe masa baki yake yi. Ana kula da ƙashin sosai, zuciyarsa kuwa babu mai tambaya. Don Allah, waɗanda suka taɓa irin wannan jinya, ta yaya zan shawo kansa ya ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da ya ɗauka muna ganin ya zautu ba?