Shin yawan ƙwai shaida ce cewa kaza tana cikin walwala?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina shirin faɗaɗa kiwon kajin ƙwai, kuma wanda nake neman shawararsa ya ce in zuba su a keji, domin a ganinsa kazar da take saka ƙwai kusan kullum ba ta da wata damuwa, da tana wahala da ta daina. Maganar ba ta kwanta mini a rai ba, saboda na ga kajin keji ba su da sararin miƙe fukafukai, balle su yi tono ko birgima a ƙasa. Shin hujjar tasa tana da tushe?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, hujjar ba ta da ƙarfi. An ɗauki shekaru da yawa ana zaɓen irin kajin zamani har suka kai ga saka ƙwai kusan 300 a shekara, don haka jikin kazar zai ci gaba da sakawa ko da tana cikin ƙunci, muddin tana samun abinci da haske. Ɓawon kowane ƙwai yana buƙatar sinadarin kalsiyam, wanda jiki yake ɗibar wani ɓangarensa daga ƙashinta, kuma kazar da ba ta motsi ƙashinta yakan yi rauni. Shi ya sa ake yawan samun karaya a ranar da ake fito da su daga keji bayan sun gama zangon saka.

Tarayyar Turai ta haramta tsohon nau'in keji mai matsi tun daga Janairun 2012. Filin da yake ba kowace kaza santimita murabba'i 550 ne, bai kai faɗin takardar A4 ba. Kejin da aka yarda da shi yanzu dole ya ba ta 750, tare da wurin saka ƙwai, da sandar hawa, da ɗan abin tono. A ganina ko wannan ɗin ya yi kaɗan, amma ya nuna cewa an yarda kaza tana da buƙatun da suka wuce ci da sha.

Tsohon Mai Kiwo:
Likita ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ja hankalinka, ɗan'uwa, kada ka ɗauka fitar da su daga keji shi ne ƙarshen aiki. Kajin da aka cunkusa a ƙasa kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa (abin da ake zubawa a daɓen ɗaki don ya tsotse kashinsu) su ma suna shan wuya sosai. Idan ka shiga ɗakin, ka durƙusa har kanka ya zo daidai da nasu. In ka ji warin amoniya, wato iskar da ke tashi daga kashinsu, yana sa idonka hawaye, to iskar da suke shaƙa ke nan dare da rana. Sannan ka ɗauki kaza ka juya ƙafarta. Baƙin tabo ko gyambo a tafin ƙafa alama ce cewa shimfiɗar ta daɗe da jiƙewa, galibi saboda yoyon mazubin ruwa ko rashin iska. A ƙasa kuma sun fi saran juna har su fitar da jini, musamman idan haske ya yi yawa kuma babu abin da za su tsattsaga.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. To yanke musu baki shi ne maganin saran?

Likitan Dabbobi:
Yana rage munin rauni, amma ba ya kawar da dalilin saran, kuma bakin kaza yana da jijiyoyi, tana jin zafin yankan, musamman idan an yi shi da wuƙa mai zafi bayan ta girma. Ka fara da rage yawansu a ɗakin, ka sassauta hasken, ka ƙara mazuban abinci da ruwa, ka kuma ware duk wadda ta ji ciwo nan take, domin ganin jini yana jawo sauran kanta.